Daniel Amokachi, Bijimin Kaduna: Tambayoyi da Amsoshi Kan Wasansa, Gwiwarsa da Sunan da Ya Bari

A gidajen kallon ƙwallo na Agege, Mile 12 da Idi-Araba a Legas, da zarar an tafi hutun rabin lokaci aka ɗauko musun 'yan wasan da da na yanzu, da wuya a watse ba a ambaci Daniel Amokachi ba. Dattawa da idonsu suka gan shi a filin Surulere. Samari kuwa a waya suka san shi, a gajerun bidiyo masu dishi-dishi. Ga tambayoyin da aka fi yi game da shi, haɗe da waɗanda iyayen yara masu sha'awar tamaula ke yi idan aka kawo labarinsa.

Wai Amokachi Bahaushe ne?

Haifaffen Kaduna ne, ranar 30 ga Disamba 1972. Asalin gidansu Idoma ne daga jihar Binuwai, amma a Kaduna ya buɗe ido, can ya fara buga ƙwallon unguwa, kuma Hausar bakinsa ta 'yan Kaduna ce tsaf. Bahaushen Ikko ya fi kowa gane wannan, tunda ga 'ya'yanmu nan haifaffun Agege suna zuba Yarabanci kamar a Abeokuta aka yanke musu cibiya.

Kadunar wancan zamani ta yi albarkar 'yan ƙwallo. Rashidi Yekini a can aka haife shi, a ƙungiyar masaƙar UNTL ya fara. Tijjani Babangida, Garba Lawal da Celestine Babayaro duk 'yan Kaduna ne. Shi ya sa 'yan Arewa ke ɗaukar tawagar Super Eagles ta shekarun 1990 a matsayin tasu ta gida.

Yaya aka yi ya tafi Turai tun yana ɗan shekara 17?

A ƙungiyar Ranchers Bees ta Kaduna ya fito, wadda ta ci kofin ƙungiyoyin Afirka ta Yamma, WAFU, a 1989. Kocin Najeriya na lokacin, Clemens Westerhof ɗan ƙasar Holan, ya gan shi, ya ɗauke shi zuwa gasar cin kofin nahiyar Afirka ta 1990 a Aljeriya. A wasan farko masu masaukin baƙi suka lallasa Najeriya da ci 5 da 1, amma tawagar ta farfaɗo har ta kai wasan ƙarshe, inda Aljeriyar ta sake yin nasara da ci ɗaya mai ban haushi. A shekarar ce Club Brugge ta Beljiyam ta ɗauke shi.

Beljiyam ita ce ƙofar Turai ga 'yan Najeriya a lokacin. Stephen Keshi ne ya share hanya, sannan su Peter Rufai, Augustine Eguavoen, Samson Siasia, Victor Ikpeba da Sunday Oliseh duk suka bi ta nan. Amokachi ya ci kofin ƙalubale na Beljiyam da Brugge a 1991, ya ci kofin lig a 1992. Da aka ƙirƙiro kyautar Ebony Shoe ta gwarzon ɗan wasa mai asali da Afirka a gasar ƙasar, shi aka fara bai wa a 1992, ya kuma sake karɓa a 1994.

Malam, ina da yaro ɗan shekara 16 da ke buga ƙwallo a Agege. Zai iya bin wannan hanya?

Alhaji, a shekarunsa dai hanyar a rufe take. Tun 2001 FIFA ta hana ɗaukar yaro daga wata ƙasa zuwa wata kafin ya cika 18. An yi sassauci a wurare kaɗan: idan iyayensa sun ƙaura zuwa ƙasar bisa dalilin da bai shafi ƙwallo ba, ko idan gidansu da ƙungiyar duk ba su wuce kilomita 50 daga iyakar ƙasashen biyu ba, ko tsakanin ƙasashen Tarayyar Turai ga masu shekara 16 zuwa 18. Yaron da ke zaune a Legas da iyayensa bai shiga ko ɗaya ba. Duk wanda ya ce zai kai ɗan shekara 16 ya sa hannu a Turai, ko dai bai san dokar ba, ko kuɗinka yake so.

Dubi Victor Osimhen, wanda ya tashi a Olusosun. Ya ci ƙwallo 10 a gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 a 2015, manyan ƙungiyoyi suna rububinsa, amma sai da ya cika 18 a ƙarshen Disambar 2016 sannan ya koma Wolfsburg a Janairun 2017. Shi ma a Beljiyam, a Charleroi, tauraronsa ya haska.

Abin da za a yi yanzu shi ne a sa yaron a makarantar ƙwallo ko ƙungiyar da ke da rajista da hukumar ƙwallon jihar Legas, a tabbatar an shigar da sunansa a kundin hukumar ƙwallon Najeriya, NFF, da ainihin ranar haihuwarsa. Wannan rajista ce ke nuna inda ya yi wasa tun daga shekara 12, kuma da ita ƙungiyoyin da suka rene shi ke karɓar rabonsu, wato kashi 5 cikin 100 na kuɗin cinikinsa idan aka sayar da shi tsakanin ƙasa da ƙasa, wanda ake raba wa waɗanda suka horar da shi daga shekara 12 zuwa 23. Kada a rage masa shekaru. Tun 2009 ake ɗaukar hoton MRI, mai nuna cikin gaɓa, na wuyan hannu a gasar 'yan ƙasa da 17, kuma idan ƙashin ya gama haɗewa ana cire yaro. Idan wakili ya zo, a nemi lambar lasisinsa na FIFA a duba a shafin hukumar. Takardar gayyatar gwaji kuwa, a tuntuɓi ƙungiyar kai tsaye ta adireshin da ke shafinta, ba ta lambar da wakilin ya bayar ba. Ƙungiyar da ke son yaro da gaske ba ta neman mahaifinsa ya sayar da shago ko babur ya biya kuɗin gwaji.

Da gaske ne shi ya ci ƙwallon farko a tarihin gasar Zakarun Turai?

Gaskiya ne, amma da bayani. Gasar kanta tun 1955 ake yin ta da tsohon sunanta. A kakar 1992/93 aka sauya mata suna da fasali, kuma matakin rukuni ne, mai ƙungiyoyi 8 a rukuni biyu, ya fara ɗaukar sabon sunan. Ranar 25 ga Nuwamba 1992 aka buga wasannin farko, Club Brugge ta karɓi baƙuncin CSKA Moscow, Amokachi ya zura ƙwallo a minti na 17, kafin kowa ya ci a sauran filayen. Haka aka tashi, 1 da nema. Marseille da Rangers ne sauran 'yan rukuninsu, kuma Marseille ce ta ɗauki kofin a ƙarshe. Yana da saura wata guda ya cika shekara 20.

Ya taɓa buga manyan wasanni a nan Legas?

Sosai. A zamaninsa Babban Filin Wasa na Ƙasa da ke Surulere ne gidan Super Eagles, kuma a nan aka share hanyar zuwa gasar cin kofin duniya ta farko da Najeriya ta halarta. A Yulin 1993 Najeriya ta doke Aljeriya da ci 4 da 1, ranar da Jay-Jay Okocha ya ci bugun tazara, Yekini ya ci biyu, Amokachi ya rufe da ta huɗu. A Satumba aka yi wa Kwaddebuwa irin wannan ci, 4 da 1, nan ma ya zura ɗaya. Kunnen dokin 1 da 1 da aka yi a birnin Aljiyas ranar 8 ga Oktoba ne ya tabbatar da tikitin Amurka.

Me ya yi a 1994 da har yanzu ake zancensa?

Shekarar ta fara da kofin Afirka a Tunisiya, inda Najeriya ta doke Zambiya 2 da 1 a wasan ƙarshe ranar 10 ga Afrilu, Emmanuel Amunike ya ci duka biyun. A watan ne FIFA ta sa Najeriya ta 5 a duniya, matsayin da babu wata ƙasar Afirka da ta taɓa kaiwa.

Sai Amurka. Ranar 21 ga Yuni a birnin Dallas, a agogonmu kuwa dare ya raba, aka kara da Bulgeriya. Yekini ya ci ta farko ya shiga raga yana girgiza ta yana kururuwa. Gab da hutu ƙwallo ta faɗo gaban Amokachi, ɗan baya na manne da shi, ya sa kafaɗa ya kawar da shi, ya zagaye gola Borislav Mihailov, ya jefa ta a raga duk da kusurwar ta matse, sannan ya ruga gefen fili yana rawa. Aka tashi 3 da nema. Bulgeriyar nan ce daga baya ta fitar da Jamus ta kai wasan kusa da na ƙarshe.

Ta wasan Girka ranar 30 ga Yuni ta fi kyau. Lokaci ya cika ana cikin mintunan ƙari, ya karɓi ƙwallo nesa da gida, ya kutsa ta tsakiyar 'yan baya yana wuce su ɗaya bayan ɗaya, da ya iso bakin da'irar gola ya ɗirka ta, ta shige saman kusurwar raga. Wannan ci na 2 da nema ne ya bar Najeriya a saman rukunin, gaban Bulgeriya da Ajantina.

Abin da mutane da yawa ke mantawa shi ne yadda wasan Italiya na ranar 5 ga Yuli ya suɓuce. Amunike ya ci a minti na 25. Minti goma bayan haka Amokachi ya ji rauni aka fitar da shi, Mutiu Adepoju ya shigo. Bayan an dawo daga hutu Amunike ma ya fita da rauni. A gasar 1994 canji biyu kawai ake yi, sai na gola daban, don haka Westerhof ya ƙarar da canjinsa tun kafin a cika awa guda, kuma mutum biyun da suka fi razana bayan Italiya da gudu su ne suka fita. Roberto Baggio ya farke saura minti biyu, ya ƙara da bugun fenariti a ƙarin lokaci, alhali Italiya na da mutum 10 bayan an kori Gianfranco Zola. A ganinmu raunukan nan biyu sun fi kowane kuskuren dabara tasiri a sakamakon.

Wai ya taɓa sa kansa cikin wasa ba da izinin koci ba?

Ya taɓa, kuma shi ne labarinsa mafi shahara a Ingila. Everton ta saye shi fam miliyan 3 a Agustan 1994, a hannun koci Mike Walker. Watanni kaɗan aka sallami Walker, Joe Royle ya karɓa, Amokachi ya koma zaman benci. Ranar 9 ga Afrilu 1995, a wasan kusa da na ƙarshe na kofin FA a filin Elland Road, Everton na gaban Tottenham da ci 2 da 1, sai Paul Rideout ya ji rauni ana duba shi a bakin fili. Royle na jiran ya ji ko zai iya ci gaba. Amokachi, wanda aka ce masa ya ɗumama jiki, ya je wurin jami'in da ke kula da canji a matsayin an turo shi, ya shige fili.

Dalilin da ya sa ba a iya dawo da shi ba yana cikin dokar wasa ta 3. Ana sanar da alƙalin wasa, wanda za a cire ya bar fili, alƙali ya ba da alama, mai shigowa ya shiga ta layin tsakiya. Da zarar ya taka cikin fili canji ya tabbata, wanda aka cire ba shi da damar komawa ko da ya warke garau. Rideout ya miƙe, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe.

Amokachi ya ci biyu a mintuna goman ƙarshe, ta farko da ka daga ƙwallon da Graham Stuart ya kwaso, ta biyu bayan Gary Ablett ya sheƙo da ita daga baya ya miƙo masa. Aka tashi 4 da 1. Royle da bakinsa ya ce wannan ne canji mafi kyau da bai yi ba. Ranar 20 ga Mayu Everton ta doke Manchester United 1 da nema a Wembley, Rideout ɗin ne ya ci, Amokachi ya shigo bayan hutu a madadin Anders Limpar, wannan karon da izini.

Ga yaran da ke tasowa, kada su ɗauki wannan abin koyi. A yau sai jami'in ƙungiya ya miƙa wa alƙali na huɗu takardar canji an ɗaga allo, kuma wanda ya shiga fili ba da izinin alƙali ba katin gargaɗi zai karɓa.

To me ya hana shi daɗewa a Everton?

Salon Royle bai dace da shi ba. Kocin ya gaji ƙungiyar da ke ƙasan teburi, ya gina ta a kan ƙarfi da dogayen ƙwallaye zuwa kan Duncan Ferguson, da Rideout a gefensa. Amokachi kuwa mai son a ba shi ƙwallo a ƙafa ne, ya juyo ya fuskanci 'yan baya da gudu. Wasa 43 ya buga a Firimiya, ya ci 10. A 1996 aka sayar da shi ga Besiktas ta birnin Santambul a kan fam miliyan 1.75, inda ya ci kofin ƙalubale na Turkiyya a 1998, magoya baya suka riƙa kiran sa Baƙin Bijimi.

Wace rawa ya taka a zinaren Olamfik na 1996?

Akwai wani ɗan abu da ba kowa ya lura da shi ba. Gasar ta 'yan ƙasa da shekara 23 ce, sharaɗin kuwa a haifi ɗan wasa daga 1 ga Janairu 1973 zuwa sama, sai gurbi uku na manya. Kwana biyu kacal ya raba Amokachi da wannan sharaɗi, don haka ɗaya daga cikin guraben ukun ya cinye, tare da Amunike da Uche Okechukwu. Koci Jo Bonfrere bai yi asarar gurbin ba.

Bayan Nwankwo Kanu ya fitar da Birazil da ci 4 da 3 a wasan kusa da na ƙarshe, aka haɗu da Ajantina ranar 3 ga Agusta a filin Sanford da ke Athens ta jihar Jojiya. Claudio López ya ci tun minti na 3, Celestine Babayaro ya farke da ka, Hernán Crespo ya ci fenariti jim kaɗan bayan hutu. A minti na 74, ƙwallo na tsalle a cikin da'ira, Amokachi ya ɗaga ta da gefen ƙafa ta bi ta saman gola Pablo Cavallero ta faɗa raga, 2 da 2. Saura ƙiris a tashi Wilson Oruma ya bugo tazara, 'yan bayan Ajantina suka ruga gaba don su jefa 'yan Najeriya a satar gida, tarkon bai kama ba, Amunike ya ci. Alƙali Pierluigi Collina ya amince da ita. Wannan ce lambar zinare ta farko da wata ƙasar Afirka ta samu a ƙwallon ƙafa a Olamfik.

Ƙwallo 13 a wasa 44 ai ba su da yawa. Ina girman yake?

Lissafin haka yake, kuma Yekini mai 37 ya yi masa nisa. Sai dai a duba abu biyu. Na farko, aikinsa a tawagar shi ne ya tsaya bayan Yekini, ya sauko ya karɓi ƙwallo, ya ja 'yan baya zuwa gefe, ya buɗe hanya. Na biyu, an cinye masa shekarun ganiyarsa. Gwamnatin Janar Sani Abacha ta janye Najeriya daga kofin Afirka na 1996 a Afirka ta Kudu, bayan takun-saƙar da ta biyo bayan rataye Ken Saro-Wiwa, hukumar ƙwallon Afirka, CAF, kuma ta hana ta shiga na 1998. Gasa biyu ke nan, yana da shekara 23 da 25, alhali lokacin janyewar Najeriya ce ke riƙe da kofin kuma babu mai tawaga kamar tata a nahiyar. Duk da haka ya zo na uku a zaɓen gwarzon Afirka na CAF a 1995 da 1996.

Me ya sa ya bar wasa da wuri haka?

Gwiwa ce. A gasar cin kofin duniya ta 1998 a Faransa wasa ɗaya kawai ya buga, da Bulgeriya a birnin Paris, inda ya miƙa wa Ikpeba ƙwallon da aka ci. Daga nan raunin gwiwa ya kwantar da shi, aka yi masa tiyata, bai sake komawa yadda yake ba. Bayan ya bar Besiktas, 1860 Munich ta Jamus ta soke cinikinsa saboda gwajin lafiya, haka ma Tranmere Rovers ta Ingila. Ya gwada a Créteil ta Faransa, ya je Colorado Rapids ta Amurka a 2002, duk abin bai yiwu ba. A taƙaice, babban wasansa ya ƙare tun bai kai shekara 28 ba, shekarun da ɗan wasan gaba ke kan ganiya. Lokacin da aka buga wasan ƙarshe na kofin Afirka da Kamaru a Surulere a Fabrairun 2000, ba ya cikin tawagar.

Don a fahimci dalilin da ya sa gwiwa ke gama ɗan ƙwallo, sai an san abin da ke cikinta. Ƙashin cinya ne zaune a kan ƙashin ƙwauri, da ƙoƙon gwiwa a gaba. Manyan jijiyoyi huɗu ne ke ɗaure su: biyu a gefe da gefe, biyu a ciki sun gitta juna. Ta gaba cikin masu gittawar, wadda likitoci ke kira ACL, ita ke hana ƙwauri zamewa gaba ko murɗewa, kuma ita ce ta fi tsinkewa idan ƙafa ta kafe a ƙasa jiki ya juya. Tsakanin ƙasusuwan akwai faifan guringuntsi biyu masu siffar jinjirin wata da ke shanye nauyi, sannan kan kowane ƙashi na lulluɓe da wani guringuntsi mai santsi.

Jijiyar ACL idan ta tsinke ba ɗinke ta ake yi ba a yawancin lokuta, sabuwa ake dasawa da aka yanko daga jijiyar ƙasan ƙoƙon gwiwa ko ta bayan cinya, kuma jinyar wata 9 ce zuwa 12. Faifan guringuntsi idan an ɗan datse inda ya yage, mako 4 zuwa 8 ne. Idan ɗinkewa aka yi, wata 3 zuwa 6. Datsewar ta fi saurin mayar da ɗan wasa fili, amma tana rage matashin da ke kare ƙashi. Babbar matsala ita ce guringuntsi mai santsin nan. Jini ba ya ratsa shi, don haka idan ya goge ba ya tofowa, sai ƙashi ya riƙa gugar ƙashi, gwiwa ta riƙa tara ruwa bayan kowane atisaye. Ɗan wasa mai nauyin jiki, mai tashi da gudu ya tsaya cak ya juya, shi ya fi ɗora wa gwiwa kaya.

Mene ne gwajin lafiyar nan da ke rusa ciniki?

Yakan ɗauki kwana ɗaya zuwa biyu kafin a sa hannu a kwantiragi. Ana fara karɓar tarihin raunuka da tiyatar da aka taɓa yi. Sai zuciya: gwajin bugunta da na'urar ECG da kuma hotonta. A irin wannan gwaji ne Inter Milan ta gano matsalar bawul ɗin zuciyar Kanu a 1996, makonni bayan zinaren Olamfik, har aka yi masa tiyata a Amurka. Sai jini da fitsari. Daga nan likitan ƙashi ya kwantar da ɗan wasa, ya ɗan lanƙwasa gwiwar kamar digiri 20 zuwa 30, ya riƙe cinya ya jawo ƙwauri gaba ya ji ko jijiya na riƙewa. Ana ɗaukar hoton MRI na duk gaɓar da ake shakka, a auna ƙarfin cinyoyin biyu a na'ura a kwatanta.

Ba lallai ɗan wasa na ɗingishi ba kafin ya faɗi. Likita na duba ko gaɓar za ta ɗauki wasa 40 a kaka har tsawon shekarun kwantiragin. Idan ya ga haɗari, ƙungiya kan fasa, ko ta rage kuɗi, ko ta ba da gajeren kwantiragi mai biya gwargwadon wasannin da aka buga.

Yarona ya murɗe gwiwa a fili. In kai shi wurin mai ɗori?

Hajiya, a dakata da ɗori tukuna. Ya daina wasa nan take. A naɗe ƙanƙara a tsumma a ɗora minti 15 zuwa 20, duk bayan awa 2 zuwa 3, na kwana biyu zuwa uku. A ɗaure da bandeji ba tamau ba, a ɗaga ƙafar a kan matashi. A kwanakin nan ba a gasawa da ruwan zafi, ba a murzawa, ba a ja, domin duk suna ƙara kumburi.

Idan ya ji ƙara kamar an tsinke igiya lokacin da abin ya faru, ko gwiwar ta kumbura cikin awa biyu, ko tana sullewa idan ya taka, ko ta sarƙe ta ƙi miƙewa, to asibiti za a nufa. A Legas akwai Asibitin Ƙashi na Ƙasa da ke Igbobi da asibitin koyarwa na LUTH a Idi-Araba. Idan an koma gida akwai na Dala a Kano. A sani cewa hoton ƙashi na yau da kullum ba ya nuna jijiya ko guringuntsi, don haka jin an ce ƙashi lafiya lau ba ya nufin gwiwa lafiya. Kuskuren da ya fi yawa shi ne komawa fili da zarar zafi ya lafa, ko shan maganin kashe zafi a buga wasa. Masu gashin ƙashi kan jira sai ƙarfin ƙafar da ta ji rauni ya kai kashi 90 cikin 100 na ɗaya ƙafar. Masu horar da yara kuma su nemi tsarin ɗumama jiki na FIFA 11+, minti 20 ne, ba ya buƙatar kayan aiki.

Bayan ya daina wasa me ya koma yi?

Horarwa da sharhin wasanni a talabijin. Ya horar da Nasarawa United da Enyimba, ya kuma yi mataimakin kocin Super Eagles fiye da sau ɗaya. Yana gefen Keshi lokacin da Najeriya ta ci kofin Afirka ranar 10 ga Fabrairu 2013 a Johannesburg, da ƙwallon Sunday Mba a ragar Burkina Faso, wato ya ɗaga kofin yana ɗan wasa, ya sake ɗagawa yana cikin masu horarwa. A 2016 ya karɓi ƙungiyar JS Hercules a birnin Oulu na ƙasar Finlan. A 2020 Shugaba Muhammadu Buhari ya naɗa shi jakadan ƙwallon ƙafa na Najeriya. A gaskiya sunan da ya yi a benci bai kama ƙafar wanda ya yi a fili ba.

Tsohon ɗan wasan da ke son bin wannan layi a Legas, lasisin CAF hawa-hawa ne, daga D zuwa C, B, A, har Pro, ta hannun NFF ake yi, kuma Cibiyar Wasanni ta Ƙasa, NIS, da ke harabar filin Surulere tana ba da kwasa-kwasan horarwa.

Shekara takwas kawai ya yi yana tashe. Me ya sa sunansa bai dushe ba?

Saboda ranakun da ƙwallayensa suka faɗo. Daren farko na gasar Zakarun Turai, wasan farko na Najeriya a kofin duniya, wasan da ya kai Everton Wembley, wasan zinaren Olamfik. Akwai waɗanda suka ninka shi yawan ƙwallaye amma babu ko ɗaya da mutum zai tuna inda yake zaune lokacin da ta shiga. Everton ba ta sake cin kofin FA ba tun na 1995, don haka duk lokacin da magoya bayanta suka waiwayi kofin sai sun bi ta kan ƙwallayensa biyu na Elland Road.

Ga Bahaushe kuma akwai ƙarin dalili. Bai yi nisa da mutane ba, ana jin sa yana hira da Hausa a kafafen yaɗa labarai, yana zancen Kaduna da 'yan wasan gida. Tawagarsu ta 1994 ma ba ta bar bakin jama'a ba, har kan alkawarin gidajen da gwamnati ta yi musu bayan kofin Tunisiya, wanda sai a 2021 aka amince a cika wa waɗanda ba su samu ba, bayan shekara 27. Kafin lokacin Yekini, Uche Okafor, Thompson Oliha, Wilfred Agbonavbare da Keshi duk sun riga mu gidan gaskiya.